GAYYAR ZAMANI: MASU RUBUTA MANHAJA DA HIDIMAR AL'UMMA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya ya gabatar a wajen taron shekara-shekara



Gabatarwa

Lokacin da kwamitin shirya taro ya aiko mini da takarda yana neman in yi magana a kan gudummawar da masu ilmin kwamfuta za su iya bayarwa ga ci gaban gari, sai da na yi jim. Dalili kuwa shi ne, a zauren nan akwai waɗanda suka koya mini karatu, akwai waɗanda suka gina ajujuwa da guminsu, alhali ni abin da na sani bai wuce zama gaban na'ura daga safe zuwa yamma ba. Har yau idan aka tambayi mahaifiyata sana'ata, cewa take yi, "Yana can birni yana danne-danne." Amma tunda umarnin manya ne, babu abin yi sai amsawa. Inda na yi kuskure ina neman afuwa tun yanzu.

Kafin in shiga batun kwamfuta, ina so mu leƙa gona. Dattawan da ke nan sun fi ni sanin yadda ake gayya. Idan damina ta yi nisa, ciyawa ta fi ƙarfin mutum, ko rashin lafiya ta kwantar da shi, sai a sanar da samari a sa rana. Ranar kowa ya fito da fartanyarsa ko garmarsa, makaɗi ya rataya ganga, mata su dama fura, kafin rana ta take tsaka an share gonar da mai ita zai yi mako biyu bai gama ba. Ba a biyan kowa komai sai abinci da goro da sa albarka. Haka ake yashe rijiyar unguwa, haka ake gyaran hanyar kasuwa, domin an san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da nake so in nuna a yau shi ne, wannan gayya tana nan a duniya da sabon kayan aiki, kuma iri ce da ɗan gari mazaunin Legas ko Fatakwal ko Abuja zai iya shiga ba tare da ya bar wurin neman abincinsa ba.

Mene ne aikin mai rubuta manhaja?

Kwamfuta, da wayar da ke aljihun kowannenmu, ba su da wayo ko kaɗan. Abin da aka umarce su kawai suke yi. Jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura, mataki bayan mataki, shi ake kira manhaja, mai tsara wannan umarni kuwa shi ne mai rubuta manhaja. Shi ne ya sa wayarka ta san yadda za ta aika kuɗi, ta nuna hanya, ta ajiye lambobin mutane.

Manhaja tana da wata siffa da babu ita ga fartanya. Idan na ara maka fartanyata, ni na rasa ta sai ka dawo da ita. Amma idan na ba ka manhajar da na rubuta, tawa tana nan ba ta ragu ba, kuma mutum dubu za su iya ɗauka a rana ɗaya. Wannan ne ya sa wasu masu wannan sana'a suke sakin aikinsu a buɗe, kowa ya duba, ya ɗauka, ya gyara daidai da bukatarsa, tamkar manomin da ya ba maƙwabcinsa iri mai kyau. A kan wannan al'ada aka gina duk labaran da zan kawo.

Kenya, 2008: taswirar shaida

Ranar 27 ga Disamba, 2007, aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Kenya. Bayan kwana uku hukumar zaɓe ta ce Mwai Kibaki ne ya doke Raila Odinga, 'yan adawa suka ƙi amincewa, ƙasa ta kama da wuta. Kafin Kofi Annan ya sasanta ɓangarorin biyu a ƙarshen Fabrairun 2008, an kashe mutum fiye da 1,000, dubban ɗaruruwa kuma sun bar gidajensu. A farkon rikicin gwamnati ta hana gidajen rediyo da talabijin watsa labari kai tsaye, saboda haka mutumin da ke Nairobi bai san haƙiƙanin abin da ke faruwa a Eldoret ko Kisumu ba, sai jita-jita.

Akwai wata lauya 'yar ƙasar mai suna Ory Okolloh, wadda ke zaune a Afirka ta Kudu amma ta zo gida lokacin zaɓen. Mutane suka riƙa aiko mata da labarin abin da suka gani da idonsu, har abin ya fi ƙarfinta. Sai ta yi kira ga masu ilmin kwamfuta, ko akwai wanda zai ɗora waɗannan rahotanni a kan taswira. Masu sana'ar suka amsa, cikinsu har da David Kobia da Erik Hersman, waɗanda a lokacin suna Amurka, da Juliana Rotich. Cikin 'yan kwanaki, ba tare da an ba su kwangila ko an biya su ko sisi ba, suka haɗa manhajar. Suka sa mata suna Ushahidi, wato shaida da harshen Suwahili. Kun ji ma yadda kalmar ta yi kama da tamu, domin duk daga Larabci aka aro su.

Yadda take aiki ba shi da wuya. Wanda ya ga an ƙona kasuwa ko an tare hanya sai ya aika saƙon tes ko ya rubuta ta intanet. Masu aikin sa-kai su karanta, su gwada da abin da wasu majiyoyi suka faɗa, sannan su sa ɗigo a daidai wurin a kan taswira. Da ɗigo ya taru, sai kowa ya ga inda wutar take ci, da inda ake bukatar agaji. Ushahidi ba ta tsayar da rikicin ba, sulhun 'yan siyasa ne ya tsayar da shi. Abin da ta yi shi ne ta hana a binne abin da ya faru da talaka. Da yake kuma an sake ta a buɗe, ƙasashe da dama sun ɗauka, har a nan Nijeriya an yi amfani da ita wajen sa ido a zaɓen 2011.

Haiti, 2010: ranar 'yan ci-rani

Labari na biyu shi ne ya fi kusa da halinmu, don haka ina roƙon a ba ni kunne. Ranar 12 ga Janairu, 2010, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7 ta rugurguza Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Gwamnatin ƙasar ta ce mutum fiye da 200,000 suka rasu. Masu agaji suka yi ta sauka daga ko'ina, amma sai suka tarar babu cikakkiyar taswirar birnin. Unguwannin talakawa, inda gidaje suka fi rushewa, yawancinsu ba su da sunan titi a kowace takarda.

Gayya iri uku ta tashi a lokaci guda. Ta farko ta masu zana taswira ce. Akwai wata taswirar duniya da ake kira OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, kowa yana iya ƙara mata titi ko gini. Kamfanonin tauraron ɗan'adam suka saki hotunan birnin kyauta, ɗaruruwan mutane a ƙasashe daban-daban suka zauna a ɗakunansu suna bin hotunan suna zana tituna, da gadojin da suka karye, da filayen da mutane suka kafa tantuna. Cikin 'yan makonni birnin ya samu taswirar da bai taɓa samun irinta ba. Ta biyu ta ɗalibai ce a Jami'ar Tufts da ke kusa da Boston, waɗanda suka ɗauki manhajar nan ta mutanen Kenya suka kafa ta domin Haiti. Ta uku kuwa, an buɗe lambar waya kyauta, 4636, aka sanar a rediyo cewa duk mai bukatar ceto ko ruwa ko magani ya aiko da saƙo.

To, a nan ne aka gamu da cikas. Saƙonnin suna zuwa ne da harshen Kiriyol, wanda masu agaji ba sa ji. Ko an fassara ma, mai saƙon ba lambar gida yake bayarwa ba, kwatance yake yi irin namu. Ku ɗauka a ce wani ya aiko daga garin nan yana cewa, "Muna bayan gidan Sarkin Pawa, daura da tsohuwar kuka." Wace na'ura ce za ta gane wannan? Waɗanda suka warware matsalar su ne 'yan Haiti mazauna Amurka da Kanada da sauran ƙasashe. Nas-nas, direban tasi, ɗalibi, kowa ya tashi daga aiki ya zauna gaban kwamfuta yana fassara saƙo, yana nuna daidai wurin da ake nufi, saboda a unguwar ya yi wasan ƙasa. Dubun-dubatar saƙonni suka bi ta hannunsu.

Ba zan ɓoye muku ba, nazarin da aka yi daga baya ya nuna cewa manyan ƙungiyoyin agaji da yawa ba su yi amfani da waɗannan rahotanni yadda aka zata ba, domin ba su saba karɓar labari ta wannan hanya ba. Duk da haka darasin yana nan. Mai rubuta manhaja ya gina hanya, amma ɗan gari da ke ci-rani shi ne ya san inda hanyar za ta nufa. Ya ku 'yan'uwa mazauna birni, wannan ilmi na sanin lungu da saƙo na garinmu yana kawunanmu, kuma 'ya'yanmu da aka haifa a birni ba su da shi.

Boston, 2011: ƙaramin aiki mai yaɗuwa

Kada a ɗauka sai an yi bala'i ake wannan gayya. A 2009 wata mata mai suna Jennifer Pahlka ta kafa ƙungiyar Code for America domin ta haɗa masu rubuta manhaja da hukumomin birane. A birnin Boston akwai dubban famfunan kashe gobara a bakin titi, kuma duk lokacin sanyi dusar ƙanƙara tana binne su, sai 'yan kwana-kwana su zo su ɓata lokaci suna tono alhali gida yana ci. A 2011 wani daga cikin matasan ƙungiyar ya rubuta 'yar manhaja mai nuna kowane famfo a kan taswira, inda mazaunin unguwa zai zaɓi ɗaya ya ɗauki alkawarin share shi, har ya raɗa masa suna. Birnin Honolulu na jihar Hawai ba ya ganin ƙanƙara, amma yana da jiniyoyin gargaɗin ambaliyar teku waɗanda ɓarayi ke sace wa batir. Sai suka ɗauki manhajar nan, suka cire famfo suka sa jiniya. Hikimar da ke ciki ita ce, kayan jama'a da ba a damƙa wa kowa ba ba shi da mai kula, amma da zarar an rubuta sunan mutum a jikinsa, kunya kaɗai ta isa ta sa ya duba shi.

A gida Nijeriya

A 2011, a wata cibiyar matasa masu fasaha da ke Legas mai suna Co-Creation Hub, Oluseun Onigbinde da Joseph Agunbiade suka fara BudgIT. Kasafin kuɗin gwamnati littafi ne mai ɗaruruwan shafuka da ko mai digiri yana shan wuya kafin ya gane. Su kuwa suka riƙa warware shi suna mayar da shi zane da alƙaluma masu sauƙi. A 2014 suka ƙara da Tracka, wadda ke bin ayyukan mazaɓu, ta sanar da mutanen ƙauye cewa an ware kuɗi kaza domin ajujuwa ko rijiya a garinsu, su kuma su faɗi ko sun gani a ƙasa.

Misalin da ya fi taɓa zuciya a Zamfara ya faru. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma niƙa su a cikin gida, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar a ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma. Likitoci kuwa ba za su fara magani ba sai an tsabtace gari, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan aikin banza aka yi. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, wata ya bi wata kuɗi ba su fito ba. Wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara wani yunƙuri da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Suka je Bagega da ƙafarsu, suka tattara bayanai da hotuna, suka haɗa kai da wasu ƙungiyoyi suka cika intanet da maganar. A Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka yi aikin kwashe ƙasar, aka fara yi wa yara magani a wannan shekarar.

Ku lura, a labarin Bagega rubutun manhaja shi ne mafi ƙanƙantar aiki. Abin da ya yi tasiri shi ne sahihin bayani, da zuwa wurin, da naci.

Inda ake tuntuɓe

Zan zama maƙaryaci idan na bar ku da zaton cewa duk wanda ya fara irin wannan aiki yana cin nasara. Waɗanda suka mutu a hanya sun fi waɗanda suka rayu yawa nesa ba kusa ba, kuma ni kaina ina da kabari ɗaya a wannan maƙabarta. Shekarun baya wata ƙungiyar unguwa a birnin da nake zaune ta koka da matsalar shara. Ni da abokaina biyu muka kwana uku ba barci, muka rubuta manhaja mai kyan gaske wadda za a riƙa kai rahoton inda bola ta taru. Aka yi bikin ƙaddamarwa, aka sha lemo, aka tafa mana. Ba mu tambayi masu kwashe sharar ko suna da wayar da za ta ɗauki manhajar ba. Ba mu tambayi ofishin da abin ya shafa ko akwai wanda zai karanta rahoton ba. Mutane suka aiko da ƙorafi, shiru, suka sake aikowa, shiru, suka daina. Da shekara ta zagayo kuɗin ajiyar shafin ya ƙare, wanda ke riƙe da kalmar sirrin shiga kuma ya samu aiki a wata ƙasa. Bola tana nan inda take.

Daga wannan na koyi abu huɗu. Na farko, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka tambaya ake fara yi kafin a taɓa kwamfuta. Na biyu, rahoton da babu mai amsa shi ya fi rashinsa illa, domin yana koya wa mutane cewa magana ba ta da amfani. Na uku, gayyar noma ta yini ɗaya ce, amma manhaja kamar dabba take, kullum tana son ci da sha da mai duba ta. Ko Code for America, da duk ƙarfinta, a 2023 ta sanar da janye hannunta daga rassan masu aikin sa-kai da ta daɗe tana ɗaukar nauyi a biranen Amurka. Na huɗu shi ne amana. Sunayen marayu, da na marasa lafiya, da lambobin wayar matan aure, ba abin bazawa a intanet ba ne. A halin tsaron da ake ciki, ko bayanin wanda ya ba da gudummawa mai tsoka yana iya jawo masa masifa. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, amma tun kafin doka tarbiyyarmu ta hana tona asirin maƙwabci.

Abin da ya rage gare mu

Ranka ya daɗe, ban zo da shawarar mu ƙirƙiro wata sabuwar manhaja ba. Abin da muke bukata an riga an rubuta shi, kyauta ne, kuma an gwada shi a wuraren da suka fi mu wahala. Ayyuka uku nake gabatar wa wannan zaure.

Na farko, mu sa garinmu a taswira. Duk mai waya a nan ya buɗe taswira ya nemi unguwarsu, zai ga abin da nake nufi: babban titi ɗaya, sauran fili fari fat kamar ba kowa. Matasan unguwar Kibera ta birnin Nairobi sun tarar da tasu haka a 2009, suka zaga da ƙafa suka zana ta da kansu, da famfunanta da makarantunta da ɗakunan shan maganinta. Mu ma 'ya'yanmu na birni za su iya zana tituna daga hoton tauraron ɗan'adam, ɗalibanmu da ke hutu su zaga su tabbatar, dattawa kuma su ba mu sunayen unguwanni da rafuka da burtalai na asali kafin su ɓace. Wurin da ba ya cikin taswira, da wuya mai rabon aiki a hedikwata ya tuna da shi.

Na biyu, mu yi rajistar kayan jama'a. Rijiyar burtsatse nawa ce a ƙasar nan, nawa ke aiki, nawa suka lalace, me ya lalace a jikinsu? Aji nawa ne iska ta yaye wa rufi? Wace kwalbati ce ke toshewa duk damina? Na tabbata a cikinmu babu mai amsa wannan da alƙalami, sai dai da ƙiyasi. Akwai manhajoji irin su KoboToolbox da ODK da ake cike bayani da su a waya ko babu sabis, in an samu sabis su aika. Kowane famfo a ɗauki hotonsa, a rubuta halin da yake ciki, a kuma rubuta sunan mutum ɗaya a unguwar da ya karɓi amanarsa, kamar yadda mutanen Boston suka yi. A wannan aiki iyayenmu mata ne malamanmu, domin su suka san famfon da ke ƙafewa a bazara da ranar da babu ma'aikaci a asibiti. Da wannan rajista, kuɗin da muke tarawa duk shekara zai tafi inda ya fi ciwo, maimakon unguwar da ta fi baki a wajen taro.

Na uku, mu bi sawun abin da aka ware mana. Duk shekara mutum biyu ko uku daga cikin masu ilmin lissafi da kwamfuta su duba kasafin tarayya da na jiha, su tsamo duk layin da aka ambaci ƙasarmu, su mayar da shi Hausa a shafi ɗaya. A buga a wannan mujalla, a kuma liƙa a ƙofar fada da bakin kasuwa da izinin iyayen ƙasa. Dokar 'yancin samun bayanai da aka sa wa hannu a 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa. Wannan ba faɗa da kowa ba ne, kuma kada mu bari ya zama makamin wata jam'iyya. Wakilin da ya yi aiki, takardar nan ce za ta zama shaidarsa.

Domin kada a maimaita kuskurena, ina ba da shawarar sharuɗɗa uku. Kowane asusu da kowace kalmar sirri su kasance da sunan ƙungiya, a hannun mutum biyu aƙalla. A ware ɗan abin da za a riƙa sayen data da biyan kuɗin mota ga yaran da ke zagayawa, domin aikin sa-kai ba ya nufin yaro ya ci bashi. Sannan duk ɗan birnin da ya shiga aikin ya koya wa yaro ɗaya mazaunin gida, mace ko namiji, har ya iya riƙe aikin shi kaɗai. Idan ba a yi wannan na ƙarshe ba, ranar da muka gaji aikin ya mutu.

Kammalawa

Ya ku abokan sana'ata, na san halin da ake ciki a birni, na san kuɗin haya da na makaranta. Ban ce kowa ya bar aikinsa ba. Awa biyu a mako nake roƙo, daga cikin awannin da muke kashewa muna gardamar ƙwallo da siyasa a waya. Wanda ba ya rubuta manhaja kuma kada ya ce babu shi a ciki, domin a gayya ba kowa ke riƙe da garma ba: akwai mai kawo ruwa, akwai mai nuna iyakar gona, akwai dattijon da zamansa a gindin bishiya kaɗai ya isa ya hana samari wasa.

Garin nan ya yi mana gayya tun ba mu san kanmu ba. Ajin da muka zauna a ciki, da yawa daga cikinmu, iyayenmu ne suka buga tubalinsa da hannunsu, kuma ba su tambayi ɗan wa zai zauna a ciki ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na bar takarda a wurin sakataren ƙungiya, duk mai niyya ya rubuta sunansa da abin da ya iya kafin a watse. Fatana shi ne baɗi war haka wani daga cikin ƙannenmu ya tsaya a inda nake tsaye, ya buɗe taswirar garinmu a gaban iyayenmu, ya karanta mana famfo nawa aka gyara.